Wa Zai Shaidi Halin Yaro?

Duk wanda ya taɓa riƙe aji a lakwal a Damagaram ya san maganganun nan biyu da ke karo da juna a bakin ofishin darakta. Mushe, wato malamin ajin, ya ce yaron ya addabi aji, ba a kwana biyu bai fasa wa wani baki ba. Uwar da aka aika a kira ta gyara mayafi ta ce, "Wallahi Mushe, yaron nan a gida ko kaza ba ya kora. In ka ga ya yi faɗa, tsokanarsa aka yi." Daga nan kowa ya tashi da zargin ɗan'uwansa a rai. Malami na ganin so ya rufe wa uwa ido, uwa na ganin an sa wa ɗanta ido. Ni koyarwa ce sana'ata, kuma ina da ƴaƴa a makaranta, don haka na san zafin kujerun biyu. Galibi babu maƙaryaci a cikinsu. Kowannensu shaida ne na wuri guda, kuma babu wanda ya ga abin da hukuncin ya rataya a kansa, wato abin da ke zuciyar yaron sa'ad da ya ɗaga hannu.

Saɓanin ba namu ba ne mu kaɗai. A 1987 wani masanin halayyar yara a Amurka, Thomas Achenbach, shi da abokan aikinsa biyu, suka tattara bincike 119 da aka tambayi mutane daban-daban game da halin yaro guda. Suka auna dacewar amsoshin da ma'auni mai tashi daga 0, wato babu dacewa sam, zuwa 1, wato baki ya zo ɗaya. Masu ganin yaro a wuri guda, kamar uwa da uba, sun kai wajen 0.60. Masu ganinsa a wurare daban, kamar iyaye da malami, wajen 0.28 suka tsaya. A 2015 Andres De Los Reyes da wasu suka sake aikin da bincike 341, lissafin ya sake faɗowa a 0.28. Abin da suka fahimta shi ne yaro yana sauya hali in wuri ya sauya, kuma saɓanin shaidun labari ne shi kansa, ba kuskuren da za a share ba.

A garinmu dalilin a fili yake. Ɗauki yaro ɗan shekara 9 a wani gida cikin Birni. A gida shi ne ƙarami cikin maza, yayyensa uku suna kansa, in ya ɗaga murya ya sha rankwashi. Uwarsa tana ciki, abin da ya faru a ƙofar zaure da lungu sai dai a ba ta labari. In ɗan fari ne ma ga kunya, ba ta ko kiran sunansa, balle ta zaunar da shi ta tambaye shi yadda ya wuni. To wannan yaron a aji shi ya fi kowa girman jiki, don an sa shi makaranta a makare. Wanda ake danne wa a gida ya sami waɗanda zai danne. Uwa ta faɗi gaskiya, Mushe ma ya faɗi gaskiya. Shi kuma malamin, a ajin zana mai cike da yara har bakin ƙofa, yana rubutu a allo ya ba su baya, abin da yake juyowa ya gani shi ne duka na biyu. Mintsinin da ya jawo dukan ya riga ya wuce a ƙarƙashin benci.

Sai maganar iri-irin faɗan, don ba duk duka ne duka ba. A shekarar nan ta 1987 wasu masana biyu, Kenneth Dodge da John Coie, suka tsara ƴan tambayoyi shida da malami zai amsa game da kowane yaro, uku don gane faɗan zafin rai, uku don gane faɗan cin zali. Na farkon suna tambaya ko yaron yana saurin hasala ya rama in an tsokane shi, ko kullum wasu yake ɗora wa laifi, ko in an buge shi bisa kuskure yakan ɗauka da gangan ne. Na biyun suna tambaya ko yana haɗa wasu yara su taru wa wani, ko yana amfani da ƙarfi don ya mallake ƴan'uwansa, ko yana yin barazana don ya sami abin da yake so.

Na koyar da irin yaran nan biyu a aji guda. Ɗaya siriri ne, kullum a takure a ƙarshen benci. Wata rana wani ya zo wucewa gwiwarsa ta ture masa ɗan allon rubutunsa ya faɗi. Kafin allon ya gama ƙara a ƙasa ya shaƙe wuyan yaron, idonsa ya kaɗa, jijiyar wuya ta tashi, yana kuka yana duka a lokaci guda. Da na raba su jikinsa rawa yake yi, abin da yake maimaitawa kawai, "Mushe, da gangan ya yi, kullum haka suke yi mini." Ya gaskata abin da yake faɗa. Dodge ya nuna tun 1980 cewa irin waɗannan yara, in abu ya faru wanda ba a san niyyar mai yinsa ba, mugunta suke karantawa a ciki. Ɗayan kuwa ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba. Mai fara'a ne, shi ke rugowa ya karɓi jakata da safe. Lokacin hutun tara yakan tsaya kusa da mai ƙosai da yara biyu a bayansa, ƙananan aji su zo su miƙa masa dala biyar biyar ba tare da ya ce uffan ba. Ya taɓa dukan ɗaya a gabansu a farkon shekara, bai sake bukatar yi ba. In da za a ba ni takarda a lokacin a ce in rubuta mafaɗacin aji, sunan na farko hannuna zai kai, domin shi ke tsayar mini da darasi. Na biyun ba ya damuna, yara yake damu, su kuma ba a ba su takarda ba.

Akwai iri na uku da ba ya barin tabo a jiki. Nicki Crick da Jennifer Grotpeter suka ja hankali a kansa a 1995: cutarwa ta hanyar zumunci. Mu gaba muke cewa, da habaici, da haɗa baki. Yarinya ta ce wa ƙawaye duk wadda ta yi wa wance magana ba ita ba su, sai a wayi gari wance tana cin abincinta ita kaɗai a gindin bedi mako guda. Babu jini, babu kuka, babu wanda za a kai ofis. Sau da yawa mai shirya abin ita ce ta ɗaya a aji, malamai na yabonta, uwarta na alfahari da ita.

Rarrabewar nan tana da amfani, kuma addini ya riga kowa yin ta. A Suratus Shura, aya ta 39 zuwa 42, an raba tsakanin wanda ya kare kansa bayan an zalunce shi da wanda ke zaluntar mutane, aka ɗauke zargi daga na farko aka ɗora wa na biyu, sannan aka kwaɗaitar da yafiya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware littafi guda cikin Ihya'u a kan fushi da ƙullaci da hassada. A wurinsa fushi ba abin tumɓukewa ba ne, ƙarfi ne da Allah ya halitta wa mutum don kare kai, aikin tarbiyya shi ne a sa shi ƙarƙashin hankali. Ya kuma nuna cewa fushin da aka haɗiye don rashin ikon ramawa yakan koma ciki ya zama ƙullaci. Wanda ya karanta wannan zai gane yarinyar gaba, zai kuma gane yaron da ake rankwasa a gida.

Amma ga inda abin ya tsaya mini a rai. Bambancin zafin rai da cin zali bambancin niyya ne. Hannun da ya sauka iri ɗaya ne, kumburin ma iri ɗaya. Takardar tambaya tana neman malami ya faɗi dalili, alhali aiki kawai ya gani. Su kansu masu binciken sun lura cewa yaron da malami ya ba maki mai yawa a zafin rai yakan ba shi mai yawa a cin zali, domin da zarar yaro ya zama "mafaɗaci" a idon babba, duk tambayar da aka yi amsarta i ce. Mu kuma an yi mana kashedi mai tsanani a kan hukunta zuciya. Sahihu Muslim ya kawo labarin Usama ɗan Zaidu, wanda ya kashe mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsananta masa ƙwarai, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya duba. In haka ne a kan babba a fagen fama, ina ga yaro ɗan shekara 8 a filin wasa?

Ba wai sai mu naɗe hannu ba. Malaman fiƙihunmu sun fuskanci wannan matsala ido da ido, kuma amsarsu tana cikin littafin da ake karantawa a zaurukan garin nan har gobe, Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996. Mahaifina ya biya mini babin hukunci da shaida ina saurayi, ban san zan yi aiki da shi a aji ba. Da wannan mazhaba ta Malikiyya alƙalan Damagaram suke hukunci tun kafin Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19.

Hukunci na farko: ba a karɓar shaidar iyaye don amfanin ɗansu, ko ta ɗa don amfanin iyayensa. Ba don ana ɗaukar su maƙaryata ba, sai don an san so yana karkatar da ido ko da mutum salihi ne. Malamai ƴan'uwana za su ji daɗin wannan. Su dakata, domin babin bai ƙare ba: ba a karɓar shaidar abokin husuma a kan wanda yake husuma da shi. Malamin da yaro ya hana shi sakat wata shida, ya ba shi kunya gaban sufeto, ya sa shi komawa gida da ciwon kai, shin bai zama abokin husuma ba? Ni na san yadda ƙirjina ke yi in wani suna ya faɗo a kiran rajista. Shaidun nan biyu da binciken zamani ya dogara a kansu, kowanne yana da abin da alƙali zai tsaya ya duba kafin ya karɓa.

Hukunci na biyu shi ya fi ba ni mamaki. A ƙa'ida shaidar yaro ba ta da wuri a gaban alƙali. Amma Malikiyya sun keɓe wuri guda: raunin da yara suka yi wa junansu. A nan ana karɓar shaidarsu, da sharaɗin ba su watse ba tukuna, kuma babba bai shiga tsakaninsu ba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Zubair yana hukunci da ita. Malaman baya suka ƙara bayani: su kai biyu, su zama masu wayo, kada maganarsu ta saɓa, kada ya zamana akwai ƙiyayya ko kusancin dangi da zai karkatar da su. Dubi hikimar. Sun san yara suna da duniyarsu da manya ba sa halarta, kuma in aka ƙi jin yara, jinin yara ya tafi a banza. Sun kuma san da zarar yaro ya je gida, ko wani babba ya ce "ba wane ne ya fara ba?", labari ya gurɓace. Wato babban da muke ɗauka shi ne amintaccen mai ba da rahoto, su a wurinsu shigarsa ce take ɓata shaidar. Tun da na fahimci haka, in faɗa ya tashi ba na tambayar wa ya fara. Nakan tsayar da waɗanda ke wurin, in kira su ɗai-ɗai can gefe, in ce, "Faɗa mini abin da idonka ya gani." Ta haka ne labarin mai karɓar kuɗin ƙosai ya fito, daga bakin wani ƙaramin yaro da ya zo ba da shaida a kan wani faɗan daban.

Hukunci na uku ya shafi niyyar kanta. Risala ta ce gangancin yaro ana ɗaukarsa kamar kuskure. Ba a yi masa ƙisasi, amma diyya ba ta faɗuwa: in ta kai sulusin cikakkiyar diyya ko fiye dangin ubansa ke biya, in ba ta kai ba daga dukiyarsa. A nan aka raba abu biyu da mu muke cakuɗawa. Haƙƙin wanda aka cuta yana nan, sai an biya, don haka "ai yaro ne" ba ta wanke komai, kuma uban da ke faɗin ta don a rufe magana ya tuna aya ta 135 a Suratun Nisa'i, wadda ta wajabta tsayuwa da shaidar gaskiya ko a kan dangi ne. Amma shari'a ta ƙi ta rubuta wa yaron sunan mai laifi. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga. In mala'iku ba su fara rubuta masa zunubi ba, ya kamata hannun malami ya yi nauyi kafin ya rubuta "mugu" a takardar da za ta bi yaro daga aji zuwa aji.

Ana cewa hali zanen dutse, ni kuwa ban yarda da wannan a kan yaro ba. Richard Tremblay na Jami'ar Montreal a Kanada ya shafe shekaru yana bin yara tun suna jarirai, da rahoton iyayensu mata da na malamansu. Ya gano cewa duka da cizo da ture sun fi yawa a wajen shekara 2 zuwa 3, daga nan suke raguwa a wurin mafi yawan yara. Kowace uwa ta san haka, ta ga yadda ɗan yaye ke gantsara wa ɗan'uwansa cizo a kan ludayi. Ma'anar ita ce ba faɗa yaro ke koya ba, barin faɗa yake koya, ta hanyar magana da jira da roƙo da kai ƙara. Wanda ya kai shekara 9 yana shaƙe wuya, darasin ne bai kammala ba, kuma tambayar da ta dace ita ce wa zai ƙarasa masa shi.

A nan ne sanin irin faɗan ke da rana, domin maganin ba ɗaya ba ne, mu kuwa bulala muke ba kowa, kamar mai maganin da duk ciwon da aka kawo masa jiƙo ɗaya yake miƙawa. Mai zafin rai ya riga ya ɗauka duniya ta taru a kansa, bulala ta tabbatar masa. Abin da yake bukata shi ne a bar shi ya huce, sannan a koma da shi kan abin daki-daki har ya ga gwiwa tana iya ture allo ba da nufi ba. Mai cin zali kuwa imaninsa shi ne mai ƙarfi ke da iko, bulala ta ƙara masa hujja. Shi sai an toshe ribar: ya mayar da kuɗin gaban iyayensa, a raba shi da ƴan korensa, a ba shi wani shugabancin da ba na tsoro ba. Muhammad ɗan Sahnun, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai, ya iyakance dukan ladabtarwa a bulala uku, kuma ya hana malami duka don huce haushinsa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi gargaɗi a Muƙaddima cewa tsanani ga ɗalibi yana koya masa ƙarya da yaudara, ya riƙa nuna abin da ba shi ne a ransa ba don tsoron hannu. Yaron da aka yi wa haka ya iya zama tsit gaban uba da malami, sai rahotannin biyu su fito fes alhali ƙanana na kuka a lungu.

Ba zan yi wannan magana a Damagaram in tsallake Kara-Kara ba, unguwar da asali aka ware wa kutare da masu lalura, wadda sunanta ya haɗu da na ƙungiyoyin matasan da ake kira pale. Bayan tarzomar 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa, bakin kowa ya koma kan matasan gari. A 2021 Aisha Macky, ƴar garin nan, ta fitar da fim mai suna Zinder, ta shiga unguwar da kyamara ta zauna da su, har da ƙungiyar da ta sa wa kanta sunan Hitler, suna ɗaga ƙarfe suna ba da labarin rayuwarsu da bakinsu. Abin da na riƙa tunani ina kallo shi ne kowane ɗayansu ya taɓa zama ɗan shekara 7, kuma da yawansu ba su taɓa zama a benci ba balle a yi saɓani a kansu tsakanin uwa da malami. Waɗanda suka samu shiga kuwa sunan unguwa yakan riga su isa aji. Na ji da kunnena wani abokin aiki yana duba rajistar sababbin ɗalibai, ya ga inda yaro ya fito, ya ce, "Wannan sai an sa masa ido." Yaron bai yi komai ba tukuna. Daga ranar duk turereniyar da aka yi a layi shi za a gani, kuma rahoton ƙarshen shekara zai tabbatar da abin da aka faɗa ranar farko. Laifin da muke ɗora wa yaro mai zafin rai, na karanta mugunta inda babu tabbas, shi ne babban ya yi. Suratul Hujurat ta hana yawan zato, kuma ban ga inda ta togace yara ba.

Akwai kuma almajirin tsangaya, wanda uwarsa tana can ƙauye wajen Mirriya ko Magariya ko Matamaye, ba ta gan shi ba tun bayan girbi. Shi shaidarsa ɗaya ce, ta malam ko ta gardin da aka ɗora a kan ƙolaye, wani lokaci ma gardin ne ke cin zalin. Saɓanin uwa da malami da muke kuka da shi gata ne, domin yana nufin mutum biyu suna kallon yaro, kuma ɗaya zai iya ce wa ɗayan ba haka na san shi ba.

Shi ya sa yanzu in uwa ta ce mini ɗanta ba ya faɗa a gida, nakan ɗauki maganar da gaske in ce, "Hajiya, to taimake ni, me ke akwai a gida da babu a nan?" Sau da yawa amsar tana fitowa: a gida ba mai kiransa da sunan da yara suka laƙaba masa, ko a gida yana tsoron wansa, ko kuma ba ya karyawa kafin ya fito, faɗansa duk kafin hutun tara ne. Ni kuma in zan rubuta, nakan rubuta rana da wuri da abin da ya faru kafin dukan da abin da ya biyo baya, da sunayen waɗanda suka gani. Inda ake son in faɗi dalili nakan rubuta abin da yaron ya faɗa da bakinsa, in sa zatona a ƙasa, in bayyana cewa zato ne.